Shekarar da Na Zama Idon Mushe Armand

Nana, Abdul-Aziz, da ke auta Maryama, saboda ku na zauna rubuta wannan babi, don na san abin da kuka taso kuna ji. An ce ubanku ya saki kasuwancin gidansu saboda keke. Kun ji haka a bakin dangi wajen suna da ɗaurin aure, wasu da dariya, wasu da girgiza kai, ni kuwa ban taɓa zaunar da ku na warware muku zancen daga tushe ba. Masu faɗa ba su yi ƙarya ba, keke yana ciki. Sai dai sun manta da mutumin da ke zaune a bayana bisa keken, kuma labarinsa nake so ku riƙe.

Kun san Baba Alhaji, yayana Mamman Sani, shi ya ɗauko ni daga Damagaram ina saurayi. Shi ya tarbe ni a filin jirgi da rigar sanyi a hannu, a ɗakinsa na kwana shekara biyu, shi ya tsaya mini har na auri uwarku. Magazarsa, wato rumbun kayansa, tana Stains a gefen Paris, yana tara tsofaffin kayan mota da firji da tayoyi ana lodawa zuwa Kwatano, daga can su hau gida. Ni na riƙe masa ɓangaren Lyon da ɗan depo a Vénissieux, muna zaune a hawa na tara a Minguettes. Shekara ashirin da ƴan kai na yi a haka. In an tambaye ni ko na san Faransa sai in ce ƙwarai, alhali abin da na sani shi ne babbar hanyar Lyon zuwa Paris ta gilashin kamyo, babbar motar kaya, da layin sabunta takardu, da masallaci, da kasuwar unguwa. Abin da ke bayan itatuwan bakin hanya ban taɓa tambaya ba.

Shekarar da na cika hamsin da biyu jiki ya fara kai ƙarata. Ƙishirwa marar yankewa, jiri, ƙafafu kamar an ɗaura musu duwatsu. Uwarku Hadiza ce ta tasa ni gaba har wajen likita. Likitar ta duba takardun jini, ta cire tabarau, ta ce sukari da hawan jini sun haɗu a jikina, in ban motsa jikin nan ba, ban kuma rage zaman mota ba, to in fara tunanin wanda zai riƙe mini ƴaƴa. Na karɓi magani na sa a aljihu, na koma depo kamar ba a yi ba.

A hawa na uku akwai wani tsohon Bafaranshe, Mushe Armand (mushe a can kamar malam ne a wajenmu), wanda ya gama aikinsa a masana'antar manyan motoci tun kafin a haifi Maryama. Matarsa ta rasu, ƴarsa ɗaya tilo, Hélène, tana Paris. Tsakanina da shi gaisuwar wucewa ce kawai, sai dai uwarku ba ta taɓa yin Sallah ba ta aika masa da kwano ba. Wata Asabar asansar, na'urar hawa bene, ya tsaya, na hau matakala da buhun shinkafa, daidai ƙofarsa na zube ina haki kamar rago a rana. Sai ga shi ya hawo da keke a kafaɗa, numfashinsa lafiya lau. Da Faransanci muke magana ni da shi, amma da Hausa zan kawo muku ita.

"Maƙwabci, shekararka nawa?"

"Hamsin da biyu."

"Ni saba'in da huɗu. Matarka ta ciyar da ni shekara takwas, ba zan zuba ido ta shiga takaba ba. Gobe da safe ka same ni a ƙasa, ɗakin ajiya."

Ɗakin nasa cike yake da kekuna da kaca da gwangwanayen girisi, kowane ƙarfe a rataye a ƙusarsa. Ya auna ni da ido, ya sauko da wani shuɗin keke mai siririyar taya da lanƙwasasshen ƙaho, ya ɗaga sirdi, ya miƙa mini hular kwano. Rabona da keke tun ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Zango ta Damagaram. Fitarmu ta farko wandon kaftanina ya shiga kaca, na faɗi a gaban tashar bas mutane suna kallo. Ran Juma'a labari ya riga ni masallaci. Wani ya ce, "Malam Issoufou, mota ce ta lalace, ko kasuwa ce ta karye?" Na yi dariya tare da su, amma na ji kunya har cikin ƙashi. Ba don tsohon yana ƙwanƙwasa mini ƙofa kowace Lahadi da sassafe ba, da tun makon farko na mayar masa da kekensa.

Sannu a hankali unguwa ta fara komawa bayanmu. Ya kai ni Chaponost, inda wasu ginshiƙai masu bakan gizo ke tsaye a jere cikin fili, ya ce bisa kansu ruwa ke bi zuwa Lyon tun zamanin Rumawa. Ya bi da ni gefen kogin Rhône har Vienne, muka zauna a matakalar tsohon dandalin wasansu muna cin burodi da cuku. Ya hau da ni tudun Pérouges, garin da titunansa duk duwatsun kogi ne, ƙofarsa ta tuna mini ganuwar Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Armand bai yi dogon karatu ba, amma yana karanta gini yadda malami ke karanta allo. Zai ɗora tafinsa a bango ya ce, nan wani magini ne ya fara, nan kuma wani ya ƙarasa bayan shekaru, dubi yadda hannunsu ya bambanta. Ni da na taso ina wuce ginin kakannina ban ɗaga kai ba, sai ga ni ina ba shi labarin zanen sorayen Birni, yana tambaya, ina gano ban san amsa ba. In lokacin salla ya yi, shi ke nemo mini wuri mai tsabta a gindin itace, ya koma yana duba tayoyi har in sallame. Kafin shekara ta zagayo wanduna sun yi mini yawa, likita ta rage mini magani.

Da sanyi ya fara janyewa a shekara ta biyu, muna yankin Dombes mai yawan tafkuna, hanya shimfiɗe ba tudu, yana gabana. Wani manomi ya ajiye amalanken tarakta a gefen titi, abu ne da ko daga nesa ana hangensa. Armand ya nufe shi kai tsaye ya buga. Allah ya taimaka ba ma gudu, gwiwa kawai ya goge. Ya zauna a ciyawa yana dafe da gwiwar, ya ce:

"Ban gan shi ba, Issoufou. Wata shida ke nan da ƙwaƙwalwa nake bin hanya. Tsakiyar idona ta mutu, gefe-gefe kawai ya rage. Fuskarka ma ba na ganinta, rigarka nake ganewa."

Likitocin ido sun gaya masa abin ba ya komawa baya, kuma mako-mako yake ƙaruwa. Hélène ta shirya masa ɗaki a gidanta, ƙarshen watan Mayu zai mayar da makullin gidansa ya koma Paris. Da muka dawo ɗakin ajiya ya ja wani tsohon tanti daga bisa wani dogon keke mai sirdi biyu da feda huɗu, irin wanda suke kira tandam.

"Da wannan muka je Paris ni da Odette shekarar da muka yi aure. Ni a gaba, ita a baya. Ba na so a kai ni cikin jirgin ƙasa kamar akwati. Ƙafafuna suna nan da ƙarfinsu, ido kawai nake nema. Kwana tara ne. Za ka zauna mini gaba?"

Ban yi shawara da kowa ba. Na ce in Allah ya yarda zan kai shi. Ya ce shi wannan amsar ba ta ishe shi ba, e ko a'a. Na ce e, na ba shi hannu. Mako shida muka yi muna koyon tafiya tare, don a keke irin wannan na gaba sai ya riƙa faɗin komai kafin ya zo, ga tudu, ga kwana, zan kama birki.

Saura kwana huɗu mu tashi Yaya ya kira. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta, na san akwai magana. Ya ce kayansa sun maƙale a tashar ruwa ta Kwatano, dole ya je da kansa, ga kuma lodi mafi girma na shekara a Stains wanda ake so ya riski kasuwar Sallah. Yana so in je in tsaya masa mako biyun nan. Bayan haka, ya ce, ya gaji, in kwashe iyali mu dawo kusa da shi in karɓi magaza, Nana kuwa ta fara zama a gidansa tun da ta sami gurbin karatu a Paris. Abin da na daɗe ina fata ke nan ya zo, a ranar da ba zan iya miƙa hannu in karɓa ba.

"Yaya, ka ɗaga mini ƙafa na kwana tara. Na yi wa wani alkawari."

"Wane ne?"

Na gaya masa. 

"Keke? Issoufou, da furfurarka? Jirgin ruwa ne zai jira ka gama wasan yara da tsohon Bature? Ya hau tiren mana, jirgin ƙasa bai ƙare ba, ni zan yankar masa tike."

"Ba zancen tike ba ne, Yaya."

"To zancen mene ne? Ni na kawo ka ƙasar nan, ban taɓa roƙonka komai ba sai yau. In ban gan ka ran Litinin ba, na san matsayina."

Za ku ce me ya sa ban ɗage tafiyar ba. Ranar mayar da makulli ba ta ɗaguwa, ɗan hasken da ya rage masa ma ba ya jira. Kuma na san in na faɗa wa Armand zai sake ni nan take, ya hau jirgin ƙasa, ya ce ba komai. Shi ya sa ban faɗa masa ba. Uwarku na faɗa wa, da safe a kicin bayan kun tafi lakwal, tana dama kunu. Na ce mata Yaya yana da gaskiya.

"Yana da ita," ta ce, ba ta daina damawa ba. "Amma Alhaji yana da ƴaƴa, yana da surukai da ma'aikata. In ba ka je ba zai ji zafi, zai yi asara, sai dai ba zai rasa hannu ba. Tsohon nan in ka janye, wa zai zauna masa gaba? Kuma ni ba na mantuwa, Baban Nana. Bara warhaka ina kallonka kana mutuwa a tsaye. Na yi magana, likita ta yi, ba ka ji ba. Shi ya dawo mini da kai."

"In Yaya ya rufe depo fa?"

"Sai mu ci abin da Allah ya hore. Hannuwana biyu lafiyarsu ƙalau."

Ku riƙe wannan maganar tata, domin daga baya ita ta ɗauki nauyinta fiye da ni.

Ran Litinin ɗin da ake jirana a Stains, ina bakin kogin Saône da tsoho a bayana, jakunkuna biyu a gefen taya, da ƙunshin dabino da kilishi na uwarku. Mun bi ruwa har Mâcon, daga nan muka hau wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka cire wa dogo aka shimfiɗa wa kwalta don masu keke. Hanyar ta ratsa cikin dutse ta wani dogon rami mai sanyi kamar randa, fitilunsa dishi-dishi, ruwa yana ɗiga mana a wuya. Na rage gudu ina ƙyafta ido. Sai na ji shi yana dariya a bayana, ya ce yau na ɗanɗana abin da yake ci kullum. Da muka ɓullo Cluny muka tsaya gaban abin da ya saura na babbar majami'ar garin, ya ce in gaya masa abin da nake gani. Na ce hasumiya ce, tana da kyau.

"Kyau! Me zan yi da kyau? Kusurwa nawa gare ta? Ta wane gefe rana take bugunta? Dutsen wane launi ne?"

Na tsaya na ƙirga, kusurwa takwas. Na ce rufinta baƙi-baƙi ne mai tsini, tagoginta biyu-biyu a jere, dutsen kuwa kamar an zuba zuma cikin nono. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ya gan ta. Ya ba ni labarin yadda aka rushe mafi yawan ginin aka kwashe duwatsun, ya sa na bi da shi lungunan garin yana shafa bangon gidaje yana neman su. Daga ranar ban ƙara ce masa abu yana da kyau ba. A Beaune akwai tsohon asibitin talakawa mai rufin tayal rawaya da kore da ja da baƙi, na ce masa kamar faifan da matan Damagaram ke saƙawa da rinannen kaba. Sai da na yi masa bayanin faifai, da abin da ake rufewa da shi, da yadda innarmu take juya shi tana bakace. Ina ba shi Faransa, ina tsintar gida a ciki. Kowace yamma in mun sauka a masauki ina kiran Yaya, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Bayan Dijon muka kama hanyar da ke bin kanal ɗin Bourgogne, wato magudanar da aka haƙa don jiragen kaya, da ƙofofin ruwa da ƙananan gidajen masu tsaronsu, da dogayen itatuwa a jere, da zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya. Rana ta biyar ruwan sama ya kama mu tun safe. Taya ta yi faci, Armand ya cire ta ya nemo hudar da leɓensa, ya liƙe, ni mai ido ina tsaye ina riƙe masa famfo. Da azahar jikina ya fara rawa, sukari ya faɗi. Ban faɗa ba, amma a tandam kaca ɗaya ce ta haɗa ƙafafunku, ba abin da ke ɓoyuwa. Ya ce in tsaya, ya tura mini dabino uku a baki kamar yaro, sannan ya ce in riƙe ƙaho kawai in saki ƙafa. Tsoho mai shekara saba'in da biyar ya tura mu mu biyu cikin ruwa har gari na gaba. A ƙarƙashin wata rumfar wanki ta dutse, irin wadda matan ƙauye ke taruwa a da, ya tambaye ni wa nake kira kullum ba a ɗauka. Na gaji da ɓoyewa, na gaya masa duka. Ya sunkuyar da kai, ruwa yana ɗiga daga hularsa.

"Akwai tashar jirgi a Montbard. Gobe ka tafi wajen ɗan'uwanka."

"Ranar ta riga ta wuce, Mushe Armand. Ko na je yanzu ba abin da zan gyara."

"Da ka gaya mini da ban yarda ba."

"Shi ya sa ban gaya maka ba."

Washegari muka ratse zuwa ƙauyensu Odette, gidaje ba su fi talatin ba, da maƙabarta a bayan coci. Na riƙe masa hannu har kabarin, na karanta masa sunan, na cire ciyawar da ta fito a gefe, na ja baya. Ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Da ya gama ya buga ƙasar da ke kusa da ƙafarsa ya ce nan ne wurinsa, Hélène ta sani.

Rana ta tara muka shigo Paris ta bakin kogin Seine, bayan mun ratsa daji da garuruwan da sunayensu suka cakuɗe mini yanzu. Ina shirin juyawa unguwar Hélène, ya dafa mini kafaɗa ya ce a'a, in fara kai shi wajen yayana. Na yi gardama, ya ƙi taka feda. Haka muka ƙarasa Stains da la'asar, fuskokinmu sun ƙone, tufafinmu duk laka. Hajiya Balki, matar Yaya, ta buɗe ƙofa ta yi salati. Ashe Yaya bai tafi Kwatano ba, ya tsaya ya yi lodin da kansa, kayan can kuwa suka ci gaba da zama a tashar ruwa har wasu suka lalace. Yana zaune a falo. Bai dube ni ba. Amma da ya ga tsoho yana laluben bango, ya miƙe ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kujerarsa, ya ɗauko buta da kansa ya zuba masa ruwan wanke hannu, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka.

"Alhaji," in ji Armand, "laifin nawa ne. Ni na roƙe shi."

"Baƙo ba ya laifi a gidana. Ci abinci."

Armand ya ci da hannu har ya suɗe kwano. Ni kuwa ko kalma ɗaya ban samu ba. Da za mu fita, Yaya ya ce wa Hajiya, ina ji, ta gaya mini in aiko da makullin depo.

Na kai Armand ƙofar ƴarsa, na hau jirgin ƙasa na dawo Lyon ba ni da aiki. Wata takwas na yi ina yawo da takardu, ba mai son ɗaukar mai shekara hamsin da uku, kafin na sami tuƙin motar kai abinci makarantu. Uwarku ta shiga aikin sharar ofisoshi, shekara huɗu tana fita kafin ku tashi, gwiwar da take ɗingisawa da ita yau daga can ta samo ta, kuma ban taɓa jin ta ce da na sani ba. Nana, ke kika rasa Paris. Zaman gidan Baba Alhaji ya rushe, kika yi karatunki a Lyon, kika yi kusan shekara kina gaishe ni ba ki kallon idona. Kina da gaskiya. Ba a yi shawara da ke ba, kuma ke abin ya fi shafa. Ban iya faɗa miki a baki ba lokacin, to ga shi a rubuce, ki yafe mini. Kada kuma ɗayanku ya riƙe Baba Alhaji a zuciya. Mutum ne da ya nemi ƙanensa sau ɗaya a rayuwa bai same shi ba, kuma asarar da ya yi ta gaske ce.

Duk da haka in na waiwaya godiya nake gani ta fi yawa. Na gode wa Allah da ya aiko mini magani ta hannun maƙwabcin da ban taɓa tambayar lafiyarsa ba. Abokan da muka yi zaman kamyo tare, da yawansu na yi musu salla, ni ga ni na ga aurenku, na ɗauki jikokina. Na gode da ya ba ni matar da ta fi ni sanin abin da ya kamace ni. Na kuma gode da kwana taran nan, domin a cikinsu na fara kallon ƙasar da na ci arzikinta rabin rayuwata. Duk wata ina zuwa Paris in ga Armand. Hasken ya ƙare masa gaba ɗaya kafin shekara, sai mu zauna a lambun unguwarsu yana cewa in maimaita masa hanyar daga farko, gari bayan gari, in na tsallake wata gada ya gyara mini. Stains kuwa tana nan kusa, amma ban taɓa ƙarasawa ba. Sallah biyu na kira, ba a ɗauka ba.

Shekara biyu da ƴan watanni bayan tafiyar, lokacin da ganye ke zuba, Hélène ta kira ta ce babanta ya cika cikin barcinsa. Na hau jirgi zuwa Montbard, wani ɗan'uwansu ya ɗauke ni zuwa ƙauyen. Ba mu fi mu goma sha biyu ba. Na tsaya daga baya har aka sa shi kusa da Odette, aka rufe. Ina fitowa ƙofar maƙabarta na ga mota mai lambar yankin su Stains a gindin bango, da mutum tsaye cikin farar babbar riga, takalminsa ya nutse a taɓo. Yaya ne. Ashe uwarku ce ta kira Hajiya Balki ba tare da ta gaya mini ba. Yaya ya je ya yi wa Hélène ta'aziyya da Faransancinsa na kasuwa, sannan ya juyo ya kama hannuna da hannuwansa biyu.

"Issoufou. Ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya, Yaya."

"Mutumin kirki ne. Ya ci abinci a gidana. Da me ka zo?"

"Tiren."

"Mu tafi."

Na zaci tasha zai sauke ni ya kama hanyar Paris. Da muka iso mararraba sai ya juya kudu. Awa uku muna tafe, muna hirar Damagaram, wa ya rasu, wa ya aurar, gidan wa ruwa ya ci. Bai ɗauko zancen depo ba, ni ma ban ɗauko ba, har yau kuma ba mu taɓa ɗauko shi ba. Maryama, ke kika buɗe mana ƙofa ranar, da jakar lakwal a bayanki. Kika ga Baba Alhaji da laka har gefen rigarsa, kika ruga ciki kina kiran uwarki. Kin sha tambayata daga ina muke ranar nan, ina ce miki daga unguwa. Daga jana'izar Mushe Armand muke.